Ɗan kwikwiyo na uku ya fara sanyi, yayana ya ce in ƙyale shi

Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana muke kiwon karnuka don sayarwa. Shi ya zuba kuɗin, ni nake ɗawainiyarsu. Yau kwana biyar da karyarmu ta haihu, haihuwar fari, watanta 11. Ta haifi takwas, ɗaya ya zo babu rai. A rana ta uku ƙaraminsu ya daina kama nono, sai kuka ba ƙaƙƙautawa, jikinsa ya yi sanyi. Na ɗura masa madarar shanu da sirinji, sai na ga tana fitowa ta hanci, kafin gari ya waye ya mutu. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, gani nake ni na kashe shi. Yanzu ga wani ya fara irin haka, yana kwanciya gefe shi kaɗai, uwar kuma tana ture shi da hanci. Ita ma ta rage cin abinci, nononta ɗaya ya yi tauri da zafi. Na ce mu kai su wurin likitan dabbobi, Yaya ya ce kuɗin likita ya fi kuɗin ɗan kwikwiyon, wai uwa ta san wanda ba zai rayu ba. Ya riga ya karɓi kafin alƙalami a hannun mutum biyar, ya ce su zo su ɗauka in sun yi mako biyar. Yana kuma cewa da ta sake neman barbara za a haɗa ta da namijin nan dai don a mayar da asara, alhali ubansu ɗaya. Ba na son saɓa wa yayana, kuma ba zan iya zuba ido wani ya sake mutuwa a hannuna ba. Don Allah a ba ni shawara.

Wani matashi mai kiwo

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ɗawainiya, sannu da rashin barci. Maganarka da Yaya za ta iya jiran gobe ko jibi, amma ɗan kwikwiyon da ke kwance gefe ba zai iya jiran ko awa biyu ba. Da shi zan fara, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Wanke hannunka ka sa ƙaramin yatsa a bakinsa. Lafiyayyen ɗan kwikwiyo bakinsa da ɗumi da danshi, nan take zai naɗe harshe a yatsan ya ja da ƙarfin da zai ba ka mamaki. In ka ɗaga shi za ka ji shi cike a tafin hannu yana mutsu-mutsu, in kuma barci yake za ka ga ƙafa ko kunne na zabura jefi-jefi. Wanda ya fara gazawa bakinsa sanyi, harshen a sake, jikin ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. In haka ka ji, kada ka ba shi madara ko ɗigo ɗaya tukuna. Na san zuciya cewa take yunwa ce, a ba shi abinci. Amma sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ko rawar ɗari ba ya iyawa sai ya kusa mako guda. A makon farko zafin jikinsa tsakanin digiri 35 da 37 yake, ƙasa da na babban kare mai 38 zuwa 39. Da zarar ya sauka ƙasa da 34, hanjinsa tsayawa yake cak. Abin da aka ɗura masa a wannan hali ba ya narkewa, sai ya zauna ya kumbura ciki, ko ya dawo sama ya shiga huhu. Saboda haka ɗumi ne farko, sannan sukari, sannan madara, kuma ba a tsallake ɗaya.

Hanyar ɗumama shi mafi aminci tana jikinka. Ka sa shi cikin riga a ƙirjinka, fata da fata, ka ci gaba da hidimarka a hankali. Ko kuma ka cika kwalba da ruwa mai ɗumi, ka naɗe ta da tawul, ka jingina shi da ita kana juya shi. A bar shi ya ɗau zafi sannu a hankali, cikin awa ɗaya zuwa uku. Kada ka kai shi kusa da wuta, kada ka ɗora shi kai tsaye kan abu mai zafi, don ba shi da ƙarfin matsawa in ya ji ƙuna, kuma zafin gaggawa ƙarar da ruwan jikinsa yake. In kana da ma'aunin zafi, shafa wa bakinsa ɗan mai ka sa kaɗan a duburarsa, zai gaya maka abin da hannu ba zai iya ba.

Yana cikin ɗumin nan, ka narka gulukos ko sukari a tafasasshen ruwan da ya huce, ka dangwala da yatsa ka shafa masa a dasashi, ka maimaita bayan kowane minti 15 zuwa 30. Shafawa na ce, ba ɗurawa ba. Hantarsa ƙarama ce, ajiyar sukarinta ba ta da yawa, 'yan awoyi ba tare da nono ba sun isa su sa shi suma. Sau da yawa za ka ga wanda ka fid da rai da shi ya fara motsa kai yana neman abin kamawa.

A nan ne maganar Yaya cewa uwa ta san wanda ba zai rayu ba take da ƙanshin gaskiya. Karya takan ture ɗan da ya yi sanyi ya daina motsi. Abin da ta sani ke nan, sanyi da rashin motsi, ba ta san gobe ba. Da yawa cikinsu in an ɗumama su aka mayar, sai uwar ta sunsuna ta hau lasa kamar ba ita ta ture ba. In ya dawo da tsotso, ka ɗebe manyan ka ajiye su a kwando mai ɗumi na ɗan lokaci, ka kai shi kan lafiyayyen nono daga na baya, don sun fi ruwa. Matso ɗigo ɗaya ya ji ɗanɗano, ka tallafe shi har ya ƙoshi.

In nonon uwa bai wadatar ba, akwai madarar gari da aka haɗa musamman don 'yan kwikwiyo, ita za ka nema. Nonon karya ya ninka na saniya wajen maiƙo da sinadarin gina jiki, na saniya kuma ya fi yawan irin sukarin da ke sa su zawo, shi ya sa wanda aka riƙe da madarar shanu yake ramewa ko da cikinsa a cike. Yadda ake bayarwa ma yana kashewa yana rayawa. A kife shi a kan cikinsa kamar yadda yake kwanciya a jikin uwa, kai a ɗan ɗage, ba a rigingine kamar jariri ba. A ba shi da bulumboti, hudarsa ta zama ƙarama, in ka kifar da shi madara ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya. Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kan kowane giram 100 na nauyinsa, wato mai giram 300 iyakarsa mililita 12, mara lafiya kuwa da ƙasa da haka ake fara masa. Madarar ta kasance da ɗumin jiki, a ba shi duk awa biyu zuwa uku, dare da rana. In ya gama, ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa masa mara da dubura a hankali, don sai sun kai wajen mako uku suke iya fitsari da kashi da kansu, kafin nan lasar uwa ce ke fitar musu. Ka duba audugar. Fitsarin lafiyayye kusan fari ne kamar ruwa, in ya yi ɗorawa sosai ruwan jikinsa ya yi ƙasa. In kuma jiki ya ɗumama amma tsotso bai dawo ba, to abin ya wuce bulumboti, sai siririn bututun da likita ke zurawa har ciki. Ka roƙe shi ya koya maka a gabansa, kada ka gwada da ka.

Kafin ka ba shi komai ma, buɗe bakinsa ka haska ganɗarsa. Wasu ana haifarsu da tsaga a rufin baki, duk abin da suka sha sai ya bi ta hanci. Wannan ya kawo ni kan wanda ya mutu, da nauyin da kake ɗauke da shi a zuciya.

Ba zan ce maka ɗurar nan ba ta yi illa ba, don madarar da ta fito ta hanci alama ce ta cewa wata ta bi hanyar numfashi. Amma ka tuna halin da ka same shi. Shi ne ƙarami, ya riga ya bar nono, ya riga ya yi sanyi. Wanda ya kai wannan mataki a rana ta uku ya daɗe da fara gangarawa kafin ka ɗauki sirinji. Mai yiwuwa ma manyan sun danne shi bai sami dakashi ba, alhali kusan duk garkuwar jikin ɗan kwikwiyo daga nonon farkon nan take zuwa, kuma hanjinsa a awa 12 zuwa 16 na farko ne yake iya shanye ta sosai, kafin kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Kai da tsakar dare ka tashi ka yi abin da ka sani, don ba ka iya jin kukansa ka kwanta ba. Da-na-sani ƙeya ce, ƙanena. Abin da ba ka sani ba ranar nan yanzu ka sani, ga kuma shida suna jiran ka yi aiki da shi.

Su shidan nan, abin da zai fi tsare maka su shi ne sikeli. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan 'yan kwikwiyo ido makara yake. Kafin ka ga rama a jikinsu an yi kwana ɗaya ko biyu ana asara. Nemi ƙaramin sikeli mai nuna giram, ka ba kowa alama ko suna, ka auna su kullum a lokaci guda ka rubuta. Lafiyayye yakan ƙaru da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa kowace rana, ya ninka nauyin haihuwa wajen kwana goma. Duk wanda ya kwana bai ƙaru ba, shi za ka fara kai wa nono gobe, tun bai fara kuka ba. Ka riƙa duba cibiyarsu kuma, wadda takan bushe ta faɗi wajen kwana uku. In gurbin ya yi ja, ya kumbura, ko yana tsatsafo da ruwa, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa zuwa jini. Makwancinsu ya zama busasshe, nesa da iska, da shimfiɗa mai kauri tsakaninsu da ƙasa. Kusurwar da suke ta kai digiri 29 zuwa 32 a makon farko, a riƙa ragewa har zuwa wajen 24 a mako na huɗu, a bar wa uwar gefe mai sauƙin zafi. Su da kansu za su nuna maka: in sun hau kan juna suna kuka sanyi suke ji, in sun watse baki a buɗe zafi ya yi yawa, in sun jeru gefe da gefe shiru to daidai ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a saƙonka shi ne uwar. Nono mai tauri da zafi tare da ƙin abinci alamar ƙwayoyin cuta ne a nonon, kuma yakan rikiɗe cikin kwana ɗaya ko biyu ya zama ƙurji ko ya shiga jini. Ka auna zafinta, in ya haura 39.5 zazzaɓi ne. Ka duba abin da ke fita daga gabanta. Ruwa mai duhu, kore-kore ko ja-ja, mara wari, abu ne da aka saba gani na 'yan makonni bayan haihuwa, amma in yana ɗoyi to mahaifa ta kamu. Kafin ku isa wurin likita ka riƙa gasa mata nonon da tsumma mai ɗumi, in kuwa abin da ke fita ya canza launi ko ya haɗu da jini ko mugunya, ka hana 'ya'yan kama shi. Kada ka ba ta maganin mutane. Farasitamol da ibuprofen da muke sha ba tunani suna iya lalata hanta ko ƙodar kare, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma suna bi ta nono zuwa ga 'ya'yan, don haka likita ne zai zaɓi wanda ba zai cutar da su ba. In ta warware ka buɗe mata abinci, mai shayarwa takan ci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. Ka sa ido kuma a mako na biyu zuwa na huɗu, in ka ga tana haki, tana rawar jiki, ƙafafu sun sandare, kalsiyam ɗin jininta ne ya faɗi, a garzaya da ita a lokacin.

Akwai wani dalilin da ya sa nake matsa maka kan likita. Ɗaya ya zo a mace, biyu sun kwanta iri ɗaya, wannan yana sa a yi zargin abu guda ne ke bin su. Akwai bairos ɗin hafis na karnuka, wanda babba yakan ɗauka ba a ko lura ba, amma yana kashe 'yan ƙasa da mako uku, kuma ya fi hayayyafa a jikin da ya yi sanyi. Akwai burusela, mai jawo ɓari da raunanan 'ya'ya, wadda take kama mutum ma, don haka ka sa safar hannu in za ka taɓa shimfiɗarta, ka wanke hannu da sabulu bayan nan. Allah ya kiyaye, amma in wani ya sake mutuwa, ka naɗe shi ka sa a firji, ba wurin ƙanƙara ba, ka kai wa likita a ranar ya buɗe ya duba. Wannan binciken yakan ceci sauran. Masu zuwa kallo da sauran karnukan gidan kuma a dakatar da su daga wurin har mako uku.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: za ka iya yin duk wannan daidai ya mutu. In dasashinsa ya koma toka-toka ko shuɗi, yana jan numfashi da ƙyar, ko yana sanƙarewa, ya wuce kulawar gida. In likita ya duba ya ce wahala kawai ta rage masa, yarda a sauƙaƙa masa tafiya tausayi ne, kada ka ɗauke shi a matsayin gazawarka.

Shi kuwa Yaya, ina so ka kalle shi da adalci kafin ka je masa. Ya zuba kuɗinsa, ya ga biyu sun tafi, ga kuɗin mutane a hannunsa, wataƙila ma ya taɓa su. Tsoro ne ke magana a bakinsa, ba mugunta ba. In ka je masa da maganar tausayin ɗan kwikwiyo zai ce ka cika taushin zuciya. Ka same shi shi kaɗai, ka ce masa, Yaya, ba don ƙaramin nan nake cewa mu je ba, don uwar ce, in ta kwanta shida ne za su rasa nono, jarinka kuma ita ce. Wannan lissafi ne da zai gane. In ya ce babu kuɗi a hannu, ka ce a cire daga kasonka in an sayar. In nisa ne matsalar, ka kira likitan ka nuna masa nonon da ɗan kwikwiyon ta waya, ka karanta masa zafin jiki da nauyin da ka rubuta, shi zai ce a kawo ko ya zo. In za ku tafi, ƙaramin ya tafi cikin kwali da kwalbar ruwan ɗumi, kada sanyin hanya ya warware aikin da ka yi.

Masu kafin alƙalami suna da haƙƙin a gaya musu gaskiya tun yanzu. Mako biyar ya yi wuri ƙwarai. A mako na uku zuwa na huɗu ne suke fara lasar abinci, kuma a makonnin da ke biye suke koyon zama da 'yan'uwa da rage ƙarfin cizo. Sai sun cika mako takwas ake rabuwa da su. Kafin nan an fara ba su maganin tsutsar ciki tun suna mako biyu, ana maimaitawa duk bayan mako biyu, don wasu tsutsotsin tun a ciki suke ɗauka, wasu ta nono. An kuma yi musu allurar rigakafin farko tsakanin mako shida da takwas, wadda ta haɗa da ta fabo, cutar amai da zawon jini da ke ɗauke ƙananan karnuka cikin 'yan kwanaki. Wanda aka ba ɗan mako biyar ya mutu a hannunsa zai dawo neman kuɗinsa, kuma zai ba wasu labari. A ce musu ga abin da ya faru, mai iya jira ya jira, mai son kuɗinsa a mayar masa.

Batun sake barbara kuwa, ra'ayina a fili yake: kada a yi a zagaye mai zuwa, kuma kada a sake yi da wannan namijin har abada. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, ke nan an haɗa ta tana wata tara, ita kanta ba ta gama girma ba. A bar ta ta kai kusan shekara biyu, ta mayar da jiki, a yi mata rigakafi da maganin tsutsa, a gwada jininta da na duk namijin da za a kawo don burusela. Haɗa waɗanda suke uba ɗaya yana ƙara yiwuwar ɓoyayyen aibin da kowannensu ya gada ya haɗu a jikin ɗa guda, sai a ga tsagar ganɗa, ko ciwon zuciya, ko raunin garkuwa, 'ya'yan kuma su ragu. In likita ya ce mahaifarta ta taɓu sosai, aikin cire ta zaɓi ne na mutunci, ta ci gaba da rayuwarta lafiya. Ku kuma yi yarjejeniya a rubuce cewa duk wanda aka sayar za a ware wani kaso don likita, yadda wannan gardamar ba za ta sake tasowa da tsakar dare ba. In duk da haka Yaya ya kafe, kana iya ce masa cikin ladabi za ka raini waɗannan har su tafi gidajensu, amma ba za ka riƙe na gaba ba in za a yi shi a haka. Ka faɗa sau ɗaya, ba da ɗaga murya ba, ka bar shi ya yi tunani.

Ka samu wanda zai karɓe ka ko da tashi ɗaya ne cikin dare, don mai gyangyaɗi shi ke ƙwarar da ɗan kwikwiyo. Tsakanin kwana 10 da 14 idanunsu za su fara buɗewa daga kusurwa, kada ka taimaka musu da yatsa, in kuma ka ga fatar ido ta kumbura kafin ta buɗe ka nuna wa likita. Ka rubuto mini a lokacin, da nauyin kowannensu da abin da likita ya ce game da uwar. Allah ya ba ta lafiya, ya raya maka su.